Telan da Ya Bar Innarsa a Bakin Kogi

Ni ɗan kasuwa ne, ban taɓa haɗa baiti biyu sun tsaya da ƙafarsu ba. Amma na yi shekaru ina zaune ƙofa da ƙofa da mai haɗa su, kuma halin ɗan kasuwa ne, in kaya suna wucewa ta gabansa kullum sai ya gano inda ake saro su. Jikokina da ke makaranta sukan tambaye ni wai ta ina marubuta ke samo abin da suke rubutawa. Ban san na kowa ba. Na mutum ɗaya na sani, shi zan faɗa.

A shekarun nan na gab da samun mulkin kai ina da ɗan shagon yadi a Fagge. Da talla na fara, in karɓi kaya a kantin wani ɗan Siriya a Kwari, in saɓa a kafaɗa in zaga unguwanni, har Allah ya sa na samu rumfa, rumfa ta zama shago. Jikin shagona akwai na wani tela, Babarbare, dogon mutum mai tsaga a fuska, wanda aka haifa a nan Fagge amma bai yarda ya zama Bakano ba sai in zancen haraji ya taso. Ni kuwa Bafulatani ne, kun san abin da ke tsakaninmu da Barebari. Ranar da na tare, kafin in kwance dila ta farko ya leƙo ya gaya wa mutane Allah ya kawo masa bawa har ƙofa. Na ce masa ai bawa shi ne wanda aka yi wa shaida a fuska don kada ya ɓace. Daga ranar, in a gaban mutane ne Malam nake ce masa, in mu biyu ne bawana, shi ma haka yake mini.

Ciniki ya ƙara haɗa mu. Wanda ya yanki yadi a wurina sai ya matsa gaba kaɗan ya ba shi ɗinki. Ban da haka, atamfa ba ta tafiya sai da suna, shi kuwa suna a bakinsa yake. Akwai wata koriya mai zanen ganye da ta kwanta mini har na fara tunanin mayar da ita. Ya ɗaga ta ya duba, ya ce a kira ta damina ta sauka a gidanmu. Kafin sallah babu ko ƙyalle.

Sai daga baya na san yana rubuta waƙa. Ba maroƙi ba ne, ba ya wasa kowa don a ba shi. Irin waƙar nan ce da ake tsarawa a takarda da ajami, a rera a zaure bayan la'asar, mai so ya ara ya kwafa. Ya yi ta 'yan dako a tashar jirgin ƙasa, ya yi ta 'yan garuwa, ya yi wata ta wa'azi a kan masu rage awo, wadda har gobe ina zargin da ni yake, ko da yake ya rantse ba haka ba ne.

Da yake bango ɗaya ya raba mu, na ga yadda yake yi. Da safe yana yanka, ba ya cewa komai, kunne kawai yake bayarwa. Masu jiran ɗinki ba su san ana auna maganarsu kamar yadda ake auna kafaɗarsu ba. Wata tsohuwa ta yi ƙorafin surukarta, wani direba ya ba da labarin hanyar Gumel, duk yana ji. To da ya hau keke ya samu dogon ɗinki, irin gefen babbar riga ko zanin gado, sai ka ga leɓɓansa sun fara motsi. Ƙafa na takawa, kai na kaɗawa. Can sai ya tsaya cak, ya ɗauki allin da yake zana yadi da shi, ya miƙa hannu ya rubuta a bayan ƙyauren shago, ya koma ɗinki. Kafin yamma ƙyaure ya cika. Sai ya karɓi takardar da ake naɗo mini kaya a ciki, ya kwafe, ya goge ƙyaure da ƙyalle saboda gobe. In aikin ranar gyaran aljihu ne da sa maɓalli, ƙyaure haka zai wuni wayam. Na lura da wannan tun da wuri, na ajiye a raina ban faɗa ba, don ba a tambaye ni ba.

Babbar waƙarsa ita ce ta innarsa. Tsohuwar ta zo Kano tana yarinya, bayan yaƙi ya watsa garinsu a Barno. Ita da iyayenta suka biyo ayarin fatake masu kanwa, a ƙasa, har ayarin ya sauka a zangon Fagge, ba ta ƙara barin wurin ba. Lokacin da nake magana ta tsufa ƙwarai, ido ya tafi, ba ta fita daga ɗaki. Sai ɗan nata ya ɗaura niyyar mayar da tafiyar nan waƙa, zango bayan zango, tun daga ƙofar garinsu har Fagge. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ya je ya rera mata abin da ya samu a makon. Nakan bi shi, rabi don waƙa rabi don burabuskon da ƙanwarsa ke yi. Ɗakin kullum ƙamshin turaren wuta yake. Da na yi sallama sai tsohuwa ta ce a ɓoye nono, ɓarawonsa ya iso.

Ba ta yi masa sassauci. In ya ce jaki fari ta ce baƙi ne, kuma gurgu. In ya yabi ruwan wata rijiya ta ce ai ɗaci ne da shi, ya gyara. Shi kuwa sai ya koma ya gyara, ba musu. Farkon waƙar da gudu take tafiya, kamar yadda keke ke gudu. Abin da na riƙe a ciki shi ne:

Jaki a gaba, kanwa a bisa,
Yarinya na gudu ba ta waiwaya.

Haka suka yi ta tafiya shi da ita, Juma'a bayan Juma'a, har ya kawo ta bakin kogin Haɗeja. Labarin wurin nan sau ɗaya ta taɓa ba shi, ina zaune. Uwarta ta kamu da zazzaɓi a hanya, ta rasu a bakin ruwa, aka binne ta a gindin wata tsamiya. Da gari ya waye ayari ba zai jira ba, masu fito suka ɗora yarinya a kan gora suka haye da ita. Ta faɗi haka ta ce a miƙo mata goro, ba ta ƙara tayar da zancen ba.

Ana nan, farkon damina, kurkunu ya fito wa tela a idon sawun dama, wai daga ruwan kududdufin da ya sha bara a wani ƙauye da ya je suna. Wanda bai ga kurkunu ba ba zai gane ba. Ƙafa ta kumbura kamar turmi, tsutsar ta leƙo, ana naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan kowace safiya, in aka yi gaggawa ta tsinke sai abin ya fi da muni. Ba maganar taka keke. Ya raba ɗinkin da ke hannunsa ga sauran teloli, ya zauna a tabarma a ƙofar shago da ƙafa a miƙe. Ƙyaure ya bushe.

Juma'a ta zo na ɗauke shi a bayan kekena na hawa muka je, ba shi da ko baiti. Ya rera mata na baya, ta saurara. Wata Juma'ar ma haka. A ta gaba, da ya fara maimaitawa sai ta ɗaga hannu.

"Wannan na ji shi," in ji ta. "Ka kawo ni bakin kogi ka ajiye. Ga damina, ruwa ƙaruwa yake. Yaushe za ka haye da ni?"

Ya ce in sha Allahu mako mai zuwa. Da muka fito ƙanwarsa ta biyo mu zaure, ta ce mana tsohuwa ta rage cin abinci, kunu ma sai da lallashi, ita dai ba ta ga alamar tsohuwar za ta ga kaka ba. Duk hanya ko bawana bai ce mini ba.

Ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Ya zauna da takarda da tawada bayan asuba, lokacin da unguwa ke shiru, har rana ta fito bai ɗiga komai ba. Ya sha rubutu. Ya yi azumin nafila. Daga ƙarshe ya ce mini wanda ya ara masa abin ya karɓi kayansa, ba shi da ta cewa. A nan ne na ga shiru ba zai yi ba. Na ce masa ni dai ban taɓa ganin baiti ya zo masa ba sai ƙafarsa na kan keke, don haka a ganina ba baiwa ce ta tafi ba, keke ne ya tsaya.

Ya dube ni kamar na zagi kakansa. "Wato duk karatun da na yi, diddigena ne malamin?"

Na ce ni ban ce ba. Allah ne mai bayarwa, amma ko ruwan sama ta indararo yake sauka. Ya ce Bafulatani in ya bar shanu ya kama falsafa duniya ta zo ƙarshe, ya juya mini baya. Amma washegari da na ce bari in hau keken in taka masa ya saurara, bai hana ni ba. Na hau. Keke ya yi gaba, ya yi baya, zare ya cukurkuɗe, allura ta karye. Ya yi dariyar da rabonsa da ita tun kafin ciwo, ya ce in sauka kafin in kashe masa sana'a gaba ɗaya. Muka gwada wani tela maƙwabci, shi kuma takunsa na tsuntsu ne, ya ɗan yi ya tsaya, ya ɗan yi ya tsaya. Bai yi ba.

A Sabon Gari akwai wani Ibo mai buga takardu da nake hulɗa da shi. Ubansa ya zo da aikin jirgin ƙasa, shi a nan ya tashi, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan birni. Shi ke buga mini 'yar takardar da nake mannawa a kowane turmin atamfa, mai hoton tulu, don mata su san daga shagona ta fito. Injinsa da ƙafa ake taka shi kamar keken ɗinki, sai dai ƙato ne, baƙi, mai nauyi. Ya buɗe baki a sa masa takarda, ya rufe, ya numfasa, ya sake buɗewa. A makon nan na je karɓar aikina na tarar bai gama ba, na zauna jira. Ban ankara ba sai na ji ina gyaɗa kai, ina rera jaki a gaba kanwa a bisa a hankali, ni da ba na waƙa ko a wanka. Na tashi ko takardun ban tsaya karɓa ba.

Ban gaya wa tela gaskiyar abin da ke raina ba, don na san girman kan Barebari. Cewa na yi ya zo mu ji ko za a iya buga tsofaffin waƙoƙinsa da boko, tunda yanzu manya ma suna shiga ajin yaƙi da jahilci, masu karatu sun yi yawa. Ya yi ta gunaguni, amma ya hau bayan keke, ƙafa a naɗe da tsumma, muka tsallaka.

Mai injin, da muke ce wa Oga, ya karɓe mu da goro, don su ma ba sa fara magana da baƙo sai an fasa shi. Ya zaunar da tela a kan ƙunshin takardu, matarsa ta kawo kujera 'yar tsugune aka ɗora ƙafar. Aka ɗan taɓa zancen bugu, sai na ce Oga ya ƙarasa mini aikina tukuna, muna jira. Ya hau inji.

Da farko tela ya ɓata fuska, ya ce wannan abu kamar ana daka a cikin kansa. Ni dai na juya ina duban titi, ina satar kallonsa. An jima sai na ga yatsun ƙafarsa ta hagu, mai lafiyar, suna motsi. Sannan kai. Sannan leɓe. Ya shafa aljihu babu alli, ya waiga, matar mai injin ta gane, ta miƙa masa fensir da ɓatacciyar takarda.

Ana cikin haka aikina ya ƙare, Oga ya sauke ƙafa. Tela ya ɗago kai kamar wanda aka tasa daga barci. Na matsa na raɗa wa Oga ya ci gaba da takawa. Ya ce ba a taka inji ba takarda, haruffa lalacewa suke. Na ce to ya ƙara buga mini irin na ɗazu. Ya tambaya nawa, na ce har sai Malam ya ajiye fensir. Ya dube ni, ya dubi tela, ya yi murmushi ya hau.

Da muka kama hanyar gida, mun kusa Fagge sai tela ya ce daga bayana, "Bawana, munafunci dai a jininku yake." Na ce na gode.

Daga nan kullum da hantsi sai in kai shi in dawo shago, in koma ɗaukarsa da azahar. Ban da Lahadi, da suke zuwa coci, da Juma'a, da take ta tsohuwa. In Oga na da aikin wasu, katin biki ko takardun 'yan kasuwa, shi ke nan. In babu, tulu. Ya zama ɗan gida a wurin. Matar Oga kan dafa ruwa da gishiri ta ba shi ya gasa ƙafa, shi kuma yana zaune ya rage wa 'ya'yansu kayan makaranta da allurar hannu. Oga ya ce mini bai taɓa taka inji wani na sauraro kamar ana karatu ba, har ya fara jin kunyar yin kuskuren taku.

Abin da ban zata ba shi ne waƙar ta sauya tafiya. Keken ɗinki ba ya numfashi, inji kuwa yana yi, sai baitocin suka zo a hankali, kowanne da wurin tsayawa a tsakiyarsa. Juma'ar farko da ya koma da sabon abu, ya zauna a bakin gadonta ya fara:

Mai fito, jira ni in waiwaya,
Na bar uwa a gindin tsamiya.

Ƙanwarsa ta tashi ta fita. Tsohuwa ba ta motsa ba har ya kai inda gora ta taɓa ɗaya gaɓar. Ba ta gyara masa ko kalma ba, karo na farko ke nan. Da ya gama ta ce a kawo mata kunu.

Wasu malamai abokansa da suka san karin waƙa suka ji, suka ce ai ta karye a tsakiya, ba a fara waƙa da wani kari a ƙare da wani, ya kamata in ya warke ya koma ya daidaita ta. Abin ya dame shi, don mutanen ba ƙarya suka yi ba. Sai ya kai ƙara wurin mai tafiyar, ya ce mata an ce rabin farko na gudu, rabin ƙarshe na jan ƙafa.

"To da yaya suke so?" in ji ta. "Su suka yi tafiyar? Ai daga kogi ba mu ƙara sauri ba."

Bai sake tayar da zancen gyara ba. Ni har yau ina kan bakana cewa takun ƙafa ne ke kawo masa baiti. Amma na yarda da abu ɗaya: ko da kurkunu bai fito ba, ban ga yadda keken ɗinki zai haye da ita ruwan nan da gudunsa ba.

Sauran hanyar ba ta ba shi wuya ba. Ya bi da ita ta Ringim, ya kwana da ita a ƙauyukan da ta manta sunansu ta tuna itatuwansu, ta dawo da halinta na gyara, har ta ce ya yi wa ubanta gemun da bai taɓa ajiyewa ba. Ana fara yankan gero ya kawo ta Fagge. Ranar ɗakin ya cika, har Oga da matarsa sun zo sun zauna a tsakar gida. Ya rera yadda ayari ya hango ganuwar Kano da yamma, yadda aka sauke kanwa, yadda yarinya ta zauna a kan buhu tana kallon raƙuman Buzaye, ba ta san a unguwar nan za ta haihu ta ga jikoki ba. A nan ya kai ƙarshe.

"Madalla," in ji ta. "To sauke ni nan, na gaji." Sannan ta juyo wajen da take jin numfashina ta ce a ba Bafulatani abinci, tun ɗazu cikinsa ke yi wa waƙa amshi.

Ta ci sabon gero, ta ƙara 'yan watanni, sannan Allah ya karɓi abarsa.

Ƙafa ta warke, ya koma kekensa da ƙyaurensa. Oga ya buga waƙar da boko, ɗan ƙaramin littafi, na jera a gefen atamfa. Ba zan yi ƙarya ba, ba ta yi kasuwa kamar damina ta sauka a gidanmu ba, amma Barebarin Fagge kusan kowane gida sun saya, har da waɗanda ba su iya karatun ba. Daga baya ya rubuta wasu da yawa. Na ban dariya da na wa'azi a shagonsa yake yin su. In kuwa na ga ya rufe shago da hantsi, ya sa fensir a bayan kunne ya nufi Sabon Gari, na san wani abu mai nauyi ne ya taso, ba na tambaya.

Takardun tulu kuwa, na yi ta mannawa har na bar sayar da atamfa ba su ƙare ba. Akwai ragowarsu a adaka a ɗakina, jikokin nan nawa suna kwasa suna yin lissafi a bayansu.